Kwanukan da Umma Ta Mayar

Sunan mahaifiyata Wasila, amma in ka shiga ƙauyenmu ka ce Wasila kake nema, sai an yi ta kallon-kallo kafin a gane. Ummu Gassan kowa ya sani, da sunan ɗanta na fari. Gajeriyar mace ce mai faɗin tafin hannu, ba ta iya karatu ba, ba ta taɓa auna abinci da ma'auni ba, kuma duk kwarin Biƙa da ke ƙasar Lubnan ban yarda akwai wadda ta kama ƙafarta wajen yin kishik ba. Ba don ta haife ni na faɗa ba. Na shafe fiye da rabin rayuwata ina jin haushin matar nan, saboda haka in na yabe ta, ku yarda.

Kishik aikin kaka ne. Da an gama tsinkar inabi, rana ta sassauta amma sanyi bai sauko ba, sai Umma ta jiƙa ɓarzajjiyar alkama cikin kindirmon awaki a babbar tukunyar ƙasa. Kwana tara tana zuwa kowace safiya ta cuɗa, ta ƙara kindirmo, ta barbaɗa gishiri, ta lasa, ta rufe. A rana ta goma a hau soro, a shimfiɗa fararen zannuwan gado, a gutsuttsura shi a shanya. In ya sha iska, mata su zauna su murje shi da tafin hannu a kan rariya har ya koma gari, ana yi ana cin naman duk wadda ba ta zo ba. Garin nan shi za a ci har ƙanƙara ta narke a kan dutse. A soya tafarnuwa da ɗan naman da aka adana cikin kitse, a zuba garin da ruwa, a juya, a sha da gurasa. Kafin mai alwala ya gama an sauke.

Muna da wata al'ada a ƙauyen, Musulminmu da Kiristanmu duka. Gidan da aka yi rashi ba ya shanya kishik a soro a kakar shekarar. Matan unguwa ne kowacce za ta ɗebo kwano ɗaya daga nata, su zo tare da hantsi, su juye a jakar gidan ɗaya bayan ɗaya. Ba a cewa komai, an riga an yi gaisuwa tun tuni. A juye, a sha kofi, a tafi. Duk lokacin sanyin nan masu rashi hannun maƙwabta za su ci. In ka hau dutse a watan Satumba ka leƙo ƙauyen, duk soron da ka gani babu fari a kansa, ka san an yi mutuwa a gidan.

Yayana Gassan yana da shekara ashirin da biyu a kakar tamanin da uku, yaƙin basasa na tsakiyarsa. Ni ina da sha huɗu, yayata Ilham sha tara. Dogo ne, ga baki, ga son tsokana. Ranar da zai kai tuffa Bairut a motar Baba, kishik na kwana biyar a tukunya. Ya biyo ta madafa da makulli a hannu, ya ɗaga murfi, ya tsoma yatsa.

"Umma, wai ke da mai sayar da gishiri akwai wata yarjejeniya ce tsakaninku? Na bara fa duk kwano ɗaya sai na bi shi da tulu guda."

"Cire min ƙazamin hannunka, ɗan nema! In ka yi aure matarka ta yi maka lami."

"Ni dai a cire min nawa daban. Kaɗan za a sa, kamar ana jin tsoronsa."

"Ji shi. Sai ka ce shi ya tatso akuyar. Fita min, kuma ka sayo min zare fari."

Ya sumbaci kanta, ta kai masa duka da ludayi, ya goce yana dariya. Bayan kwana uku aka ga motar a gefen hanya, kusa da wani shingen 'yan bindiga, ƙofa a buɗe, akwatunan tuffa ba a taɓa ko ɗaya ba. Babu ofishin da Baba bai shiga ba, babu asibitin da bai ɗaga mayafin gawa ba, babu mai riƙe da bindigar da bai durƙusa wa ba. Kowa amsarsa ɗaya, ba mu gan shi ba. Ita kuwa Umma, a daren farko ma ba ta yi kuka a gabanmu ba. Da safe ta ɗebi kashi ɗaya daga tukunyar ta zuba a wata ƙarama, kuma ba ta ƙara wa ƙaramar gishiri ba.

Shekara ta zagayo. Matan unguwa suka yi shawara a tsakaninsu, ba su nemi tata ba. Ina wanke-wanke na hango su ta taga, su goma sha ɗaya, kowacce da kwano rufe da ƙyalle. Ummu Ilyas ce a gaba. Nabiha sunanta, Kirista ce, katanga ɗaya ta raba mu, kuma ita da Umma tun suna amare ba a jin kansu. Ita ta karɓi haihuwar Gassan. Kwanonta na tasa ne, shuɗi, baki ya ɗan ɓantare.

Umma ta tare su a bakin ƙofa, ta dafa dokin ƙofar da hannu biyu.

"Sannunku. Wa ya rasu?"

Ummu Ilyas ta ce, "Wasila, shekara guda ke nan."

"Na iya ƙirga. Na ce wa ya rasu?"

"Haba 'yar'uwa, bar mu mu shiga. Hannunmu ya gaji."

"Kin ga gawa, Nabiha? Ke kika yi masa wanka? Ke kika yanke masa cibi da hannunki, yau kuma ke za ki fara zuba masa ƙasa? Ku kai wa masu rashi. Nan gidan yaro ne ya yi tafiya."

Ta rufe ƙofa. Kafin azahar ta jiƙa alkama, kuma da ranar shanya ta zo ta shimfiɗa zannuwa har uku a soro, duk da biyu sun isa, don kowa ya gani daga kan dutse.

Shekara goma ita da Ummu Ilyas ba su yi magana ba. Amma kada ku ɗauka shiru aka yi. Ta bakin dabbobi suke aika saƙo. In kazar Ummu Ilyas ta tsallako, Umma ta ɗaga murya: "Koma gidanku, uwar gulma, nan ba a yi mutuwa ba." In kyanwarmu ta hau katanga, sai ka ji daga can: "Sauka, mai taurin kai, gado kika yi." Mu yara mu yi ta ƙunshe dariya.

Tun daga nan jaka uku Umma take cikawa kowace kaka. Ɗaya ta gida. Ɗaya ta Ilham, wadda ta yi aure ta bi mijinta Brazil, ana ba duk matafiyin da aka samu ya kai mata. Ta uku ta Gassan, mai ƙarancin gishiri, a rataye ta a ƙusa bayan ƙofar madafa. To kishik in babu isasshen gishiri ba ya jure zafi. Da bazara ta yi nisa sai ya fara ɗaci, ƙwari su shiga. Sai ta sauke jakar, ta juye wa kaji, ta wanke ta, ta goge da dutsen guga, ta ninke ta jira Satumba. Kajin gidanmu sun ci kishik mafi daɗi a Lubnan shekara da shekaru, mu kuwa ba a taɓa ba mu ko ɗanɗano ba.

A nan haushina ya samo asali, kuma zan faɗe shi yadda yake. Wata shekara ƙanƙara ta toshe hanya mako uku, namu ya ƙare, muka koma gurasa da zaitun safe da yamma. Jakar nan tana rataye, cike, ina ganin ta duk sanda na shiga ɗebo ruwa. Ran nan na kwance ta na ɗebi cokali biyu, na dama a ruwan zafi na shanye a tsaye. Na mayar da ƙullin yadda na same shi, a ganina. Umma ta shigo, ko minti ba ta yi ba ta juyo.

"Nuhad."

"Na'am, Umma."

"Ni hagu nake ƙulli."

Na jira mari, bai zo ba. Ta kwance ta sake ɗaurewa, ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "In ya shigo yau da yunwa, me zan ce masa?" Na so in ce ni ma da yunwar nake, kuma ni ina nan. Ban faɗa ba. Na riƙe maganar a ciki, ta yi ta girma tare da ni.

Baba ya rasu a tasa'in da huɗu. Zuciya ce, in ji likita, amma mu mun san a kan hanyar Bairut ya bar ta. A kakar nan matan suka sake zuwa da kwanuka, wannan karon Umma ta buɗe ƙofa, ta riƙe bakin jakar gida da kanta suna juyewa. Ummu Ilyas ce ta ƙarshe. Ta juye nata, ta juya za ta fita ba tare da ta zauna shan kofi ba, sai ƙafarta ta bugi wani abu a bayan ƙofa. Ƙaramar tukunyar ce, an rufe ta da tsohon bargo. Umma ta jiƙa na Gassan a ɓoye, kwana tara ke nan, ga shi kuma ba ta da soron shanyawa.

Suka tsaya suna kallon juna. Ummu Ilyas ta ɗaga bargon, ta tsoma yatsa, ta lasa.

"Lami," ta ce.

"Haka yake so."

"Na sani. Tun yana goye baki gare shi." Ta sunkuya ta ɗauki tukunyar ta ɗora a ƙugu. "Soronki al'ada ta hana. Ban ji ta ce komai a kan nawa ba. Ki aiko min da zanin gado, ba zan ɓata nawa a kan kayan masu taurin kai ba."

Haka suka shirya, ba wadda ta ce wa wata yi haƙuri. Washegari na same su a soron Ummu Ilyas suna murza, suna musu a kan wadda ta fi tsufa.

Ilham kan rubuto wasiƙa duk wata biyu, ni nake karanta wa Umma. Rabin wasiƙar roƙo ne ta zo ta ga jikokinta, rabi kuma girke-girken can. Ta taɓa aiko da baƙin wake a cikin gwangwani, da bayanin yadda ake dafa shi da nama da ganye a ci da shinkafa da lemon zaƙi. Umma ta saurara har ƙarshe, ta dafa shi daidai yadda aka ce, ta lasa. Sai ta miƙa hannu ta ɗebo kishik ta watsa a ciki. "Yanzu ya zama abinci. Rubuta mata ki ce mutanen nan suna da wake mai kyau, uwa ce ba su da ita." Abin haushin, ya yi daɗi. Har yau haka nake dafa shi in an fara ruwan kaka, kuma 'ya'yana sun ɗauka girkin ƙauyenmu ne. Haka ta yi wa miyar kabewar da Ilham ta koya daga wata maƙwabciyarta 'yar Italiya. Duk girkin da ya tsallako teku ya shigo madafar Umma, sai ya fita da ɗankwalin Biƙa.

Amma tafiya, a'a. An yi mata fasfo sau biyu, duka suka mutu a cikin akwati. Da sanyi ta ce hanya ba kyau. Da bazara ta ce kaji. Gaskiyar ita ce ba ta taɓa kwana a wajen gidan nan ba tun ranar da aka ga motar, don kada a ƙwanƙwasa ba ta nan.

Ni na zama malamar makaranta, na yi aure gida uku daga namu, na haifi uku. Kullum ina hanya tsakanin gidana da nata. Na ga yadda jira yake cin mutum a hankali, kuma na tsane shi. A shekara ta talatin da ɓatan Gassan ne na fashe. Babban ɗan Ilham zai yi aure a Satumba, ta aiko da tikiti biyu, ta yi kuka a waya har muryarta ta dushe. Na je na sami Umma a durƙushe gaban tukunya, hannunta cikin kindirmo har gwiwa.

"Umma, mako biyu ne kacal. Ni zan sa a kula da gidan."

"Na riga na jiƙa."

"Da gangan kika jiƙa! Tun jiya kika san tikitin ya iso."

"Miƙo min gishiri."

"Ba zan miƙo ba. Kina da 'ya mai rai a can tana kuka, kina da 'ya mai rai a nan da ta tsufa a bakin ƙofarki, amma ke kaji kike yi wa girki. Ya mutu, Umma! Gassan ya mutu tun ina 'yar sha huɗu. Kowa ya sani. Baba ya sani. Limamin gari ya sani. Har kajin sun sani!"

Ban taɓa ɗaga mata murya haka ba. Ta ci gaba da cuɗawa, sau uku, sau huɗu. Sannan ta zaro hannu ta miƙo min yatsa a saitin baki, kamar yadda take yi tun ina ƙarama.

"Lasa. Ya yi?"

Na fita na buga ƙofa. Ni kaɗai na tafi bikin, kuma a jakata akwai kishik ɗin Ilham, don ko da na yi fushi sai da na koma na murza. Na ji kunyar abin da na faɗa, amma ban janye ba. Bayan nan ma na sha maimaitawa, da murya ƙasa-ƙasa, duk sanda na sami dama. Ina ganin taimakonta nake yi.

Gwiwoyinta suka gaza a hankali. Shekara biyar na ƙarshe ni nake hawa da tukunya soro, ita tana zaune a gindin matakala tana ba da umarni kamar mai tsaron ƙofa a tashar mota. Duk safiya in kawo mata a cokali ta lasa, na gida da na Gassan daban-daban. A bazarar shekara ta talatin da takwas numfashi ya fara yi mata wuya. Na kai ta asibiti a birnin Zahle. Likitan ya kira ni gefe ya ce zuciyar ta gaji, in ta ga ƙarshen sanyi an gode Allah. Ban faɗa mata ba. Muna cikin mota ta dube ni ta ce, "Fuskarki ba ta iya ƙarya ba, gadon ubanki ne." Ba mu ƙara tayar da zancen ba.

Satumba ta kama. Ranar da makiyayi ya kawo kindirmo, na shigo da bokiti biyu da sassafe, na same ta ta yi wanka, ta sa baƙar rigar da ta yi takabar Baba da ita. Jakar Gassan tana kan cinyarta, wankakkiya, a ninke.

"Mayar masa da kindirmonsa," ta ce. "Bana ba za mu hau soro ba."

Na ɗauka jikin ne. Na ce, "Umma, ai ni nake hawa. Ke dai lasa kawai."

"Zauna, Nuhad."

Na zauna a kan bokitin.

"Baɗi war haka za su zo da kwanuka saboda ni. Ke za ki riƙe jaka. To shi fa? Duk wanda ya mutu a garin nan an kawo masa kwano. Har Abu Shakib da giya ta kashe a cikin kwata, mata tara suka je gidansa, ni ce ta uku. Ɗana kaɗai ne ba a yi wa ba, kuma ni na hana." Ta shafa jakar. "In na tafi ban karɓa ba, ba mai karɓa masa. Ku za ku ce an wuce wurin. Zai zama kamar ba a taɓa haifarsa a garin nan ba."

Ta ɗago ta dube ni.

"Je ki ce wa Nabiha ta kawo kwanonta. Ki ce na ce hannunta ya huta haka."

Abin da na yi shekara da shekaru ina roƙo ke nan. Na sha zana ranar a raina, ina ganin zan ji kamar an sauke min dutse. Wallahi da na fita ƙofar nan abin da nake so kawai shi ne in koma in juye kindirmon nan a tukunya kafin ta hana ni. Sai a ranar na gane cewa duk shekarun da nake cewa ya mutu, ina faɗa ne da ƙarfin gwiwa saboda na san akwai mai ƙaryata ni. Muddin jakar tana jikin ƙusa, ina da yaya a wani wuri.

Ummu Ilyas ta kusa casa'in, ido ya tafi saura kaɗan. Na same ta a tsakar gida tana shan rana. Na faɗa mata saƙon. Ta juyo da fuskarta wajena.

"Ita ta faɗa da bakinta?"

"Da bakinta, Inna."

"Tsohuwar banza," ta ce, hawaye na bin kumatunta. "Shekara talatin da takwas tana ba ni wahala. Shiga ɗaki, saman kabad, can ƙurya. Yana cikin jarida."

Kwanon nan ne, shuɗi mai ɓantararren baki. Ko ranar Baba da wani ta zo. Wannan ba ta ƙara zuba komai a cikinsa ba tun ranar da aka rufe mata ƙofa.

Cikin mata goma sha ɗayan nan uku suka rage a duniya. Yawancin gidaje yanzu a kanti suke sayen kishik, soraye duk tankunan ruwa ne da faifan hasken rana. Na bi gida-gida ina bayani ga matan da aka haifa bayan ɓatan Gassan. Wata ta ce, "Ayya, yaushe ya rasu?" Na ce mata ta zo ran Alhamis da hantsi. Na ɗauka in an sami biyar an yi ƙoƙari.

Ashirin da shida suka zo. Wasu da na hannunsu, wasu sun farke ledar kanti sun juye a kwano sun rufe da ƙyalle don kada a gane, duk da kowa ya gane. Jikar Ummu Ilyas ta riƙo ta, ita kuma ta riƙo kwanon da hannu biyu, ta ƙi yarda kowa ya karɓa mata. Umma ta sa na ajiye mata kujera a bakin ƙofa, daidai inda ta tsaya a wancan karon. Ta buɗe bakin jakar Gassan.

Ummu Ilyas ta lalubo bakin jakar ta juye. Ba ta ce komai ba, haka al'ada take. Sauran suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, ba ka jin komai sai sautin gari yana zuba. Jakar ba ta taɓa cika haka ba, sai da na kawo roba aka ƙarasa a ciki. Na dafa kofi, aka sha, aka watse. Ummu Ilyas kaɗai ta ƙi tashi, ta ce ƙafarta ta yi tsami.

"Ɗora tukunya," Umma ta ce min. "Daga jakarsa za ki ɗiba."

Na soya tafarnuwa da nama, na kwance jakar da ban taɓa ba tun ina yarinya, na ɗebo, na dama. Na zuba kwano uku, na yayyaga gurasa. Muka zauna a madafa, ƙusar tana bayan kaina ba komai a jikinta. Umma ta kai cokali baki, ta juya shi a harshe yadda ta saba.

"Gishiri kamar teku," ta ce. "Naki ne, Nabiha, na gane shi."

"Ƙarya kike, na kanti ne. Nawa ko Fafaroma ya ci sai ya nemi ƙari."

"Da yana nan da ya sha tulu biyu."

Ta ajiye cokalin. Ta ɗora faffaɗan hannuwan nan nata a kan tebur, ta dube su, sannan ta faɗi abin da ba ta taɓa bari a faɗa a gidan nan ba.

"Allah ya jiƙan Gassan."

Suka jira ni. Ni ce mai bakin, ni ce na yi shekara talatin da takwas ina tura ta zuwa ga kalmar nan. Na buɗe baki in ce amin, kalmar ta ƙi fita. Na sake gwadawa, ta ƙi. Ummu Ilyas ce ta yi alamar gicciye a ƙirjinta ta ce amin, sau biyu, ɗaya nata ɗaya nawa.

Umma ta tura min kwanona. "Sha, 'yata, tun da zafi. Yau ba wanda zai hana ki."

Na sha. Na shanye tas, ina kuka a cikin kwanon, ita kuma tana yayyaga min gurasa tana miƙo min kamar 'yar shekara sha huɗu.